Lambar Yabo ga Matasan Masana Duwatsu: Lada Ce ko Guzuri?

Hausawa na cewa yabon gwani ya zama dole. Wannan magana babu ja a cikinta, sai dai ba ta faɗa mana lokacin da ya kamata a yi yabon ba. A ƙasar nan tamu, kudu da arewa, mun fi son mu jira sai gwani ya yi furfura, ya ajiye aiki, ƙafa ta fara nauyi, sannan a kira taro a rataya masa lamba a wuya. Wani ma sai bayan ƙasa ta rufe masa ido ake tuna cewa ya yi abin kirki. A wannan ɗan rubutu ina so in ja hankalin 'yan'uwana ɗalibai zuwa ga wata al'ada ta daban da na tarar a wajen masanan da ke nazarin duwatsu, wato ware lambar yabo musamman domin matashin da bai daɗe da fara bincike ba. Na san wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska, ɗalibin Hausa da zancen duwatsu? Mai karatu ya yi mini haƙuri, zai ga abin da ya haɗa mu kafin mu rabu.

Su wane ne masana duwatsu?

Kafin mu shiga zancen lamba, ya kamata mu san masu karɓarta. Fannoni uku ne da ke tafiya tare kamar duwatsun murhu, in ka janye ɗaya tukunya ba za ta zauna ba. Na farko shi ne ilimin duwatsu masu aman wuta. Masu wannan fanni su ne ke bin diddigin abin da ke sa narkakken dutse ya taso daga cikin ƙasa ya fashe, da alamomin da yake bayarwa kafin ya yi hakan, da kuma hanyar da wuta da toka za su bi idan sun fito. Na biyu shi ne ilimin sinadaran ƙasa. Su kuma aikinsu awo ne. Sukan ɗauki dutse ko ruwan rijiya ko ƙurar tsakar gida su faɗi abin da ke ciki da yawansa, ko da kuwa bai wuce ƙwayar gero ɗaya a cikin buhu ba. Na uku shi ne ilimin asalin duwatsu. Mai wannan fanni yakan yanki dutse ya goge shi har sai ya yi siranta kamar ɓawon albasa, haske na ratsa shi, sannan ya sa shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma ya karanta tarihinsa: a wane zurfi ya narke, da wane irin zafi, kuma a hankali ya huce ko da gaggawa.

Duk wanda zai zama gwani a ɗayan waɗannan fannoni sai ya yi digiri na farko da na biyu da na uku, sannan ya faɗa wasu shekaru masu wuya waɗanda babu tabbacin aikin dindindin a cikinsu. Waɗannan shekaru na bayan digirin digirgir su ne lambobin da nake magana a kansu suka sa wa ido.

Lambobin da sunayen da ke kansu

Ƙungiyar masana kimiyyar ƙasa ta Amurka, wadda ake taƙaita sunanta da AGU, tana da sashe guda da ya haɗa fannonin nan uku. Sashen yana da lamba ta waɗanda suka yi nisa mai ɗauke da sunan Norman Bowen, yana kuma da ta matasa mai ɗauke da sunan Hisashi Kuno, wadda aka fara bayarwa a 2008. Shi Kuno mutumin Japan ne, malami a Jami'ar Tokyo, an haife shi a 1910 ya rasu a 1969. Ya shafe shekaru yana nazarin dutsen Hakone, kuma ya nuna cewa irin narkakken dutsen da ke fitowa a tsibiran Japan yana sauyawa gwargwadon zurfin inda girgizar ƙasa ke tasowa a ƙarƙashin wurin.

Ƙungiyar masana sinadaran ƙasa kuwa tun 1972 take ba matasa lamba mai sunan Frank Clarke, Ba'amurken da ya tattara awon abubuwan da ɓawon duniya ya ƙunsa a wani babban littafi da ya fito a 1908. Takwararta ta Turai tana da lamba mai sunan Friedrich Houtermans, masanin da ya ɗanɗana kurkukun Tarayyar Sobiyet da na Jamus ta zamanin Hitler, ya fito ya ci gaba da bincikensa a birnin Bern na ƙasar Suwizalan. Ita ma ƙungiyar masana duwatsu masu aman wuta ta duniya tana da ta matasa mai sunan George Walker, Baturen Ingila da ya yi aiki a Iceland da Hawaii, ya rasu a 2005. Kowace ƙungiya da tata ƙa'idar, amma duk sun haɗu a kan abu ɗaya: mai karɓa ya zama bai wuce 'yan shekaru da kammala digiri na uku ba. Kuma galibi ba shi ke neman lambar da kansa ba. Malamansa ko abokan aikinsa ne ke rubuta takarda su gabatar da shi, wani kwamiti ya zauna ya tace.

Abin da ya fara burge ni shi ne sunayen. Bahaushe idan ya sa wa jariri sunan mahaifinsa, sai a riƙa kiran yaron Abba ko Baba, saboda ba a faɗin sunan kai tsaye. Mu ma a ƙasar Yarbawa muna da Babatunde da Yetunde, wato uba ya dawo, uwa ta dawo. Duk wanda aka yi wa irin wannan suna ya san an ɗora masa kaya, domin a kullum ana tuna masa wanda ya gada. Haka nake kallon matashiyar da aka ce ta ci lambar Kuno ko ta Walker. An yi mata takwara da wani dattijo, an ce mata kyan ɗa ya gaji ubansa.

Dattawan ma da ƙuruciya suka fara

Akwai dalilin da ya sa ake kallon shekarun farko da muhimmanci. Idan aka duba tarihin fannonin nan za a ga cewa manyan ayyuka da yawa matasa ne suka yi su. Bowen, wanda yau sunansa ke kan lambar manya, an haife shi a Kanada a 1887, ya gama digiri na uku a 1912 yana da shekara 25. Ya riƙa narka garin ma'adinai a tanderu yana lura da wanda ke fara daskarewa idan zafi ya sauka. Duk wanda ya taɓa ajiye kwalbar manja a lokacin hunturu ya ga irin wannan: wani sashe ya daskare ya kwanta a ƙasa, wani ya rage ruwa-ruwa a sama. Bowen ya nuna cewa ta irin wannan rabuwa narkakken dutse iri ɗaya zai iya haifar da duwatsu iri-iri. Ya bayyana wannan ra'ayi a 1915, bai cika shekara 30 ba, kuma har yau da shi ake fara koya wa ɗalibai wannan fanni.

Sai Clair Patterson na Amurka, wanda aka haifa a 1922. Ta hanyar auna dalmar da ke cikin wani dutse da ya faɗo daga sama, ya ƙiyasta cewa duniya ta yi shekara biliyan 4.55, ya buga sakamakon a 1956. Garin wannan awo ne ya lura cewa dalma ta gurɓata komai, iska da ruwa da jikin mutane, kuma ya gano cewa man fetur ɗin da ake zuba wa dalma ne babban mafari. Ya sha adawa a kan wannan magana. Babbar lambar kare muhalli ta Tyler ba ta zo hannunsa ba sai a 1995, shekarar da ya rasu. Ba a daina sayar da fetur mai dalma ga motoci a faɗin duniya ba sai a 2021.

Mu ma a nan gida muna da misali. Marigayi Farfesa Mosobalaje Oyawoye, ɗan asalin Offa da ke Jihar Kwara ta yau, ya gama digiri na uku a Jami'ar Durham ta Ingila a 1959. A shekarunsa na farko na bincike ya yi nazarin wani dutse mai duhu, kore-kore, da ke kewayen garin Bauchi, ya nuna cewa haɗin ma'adinan da ke cikinsa ya sha bamban da abin da aka saba gani, ya raɗa masa suna bauchite. Da wannan suna masana na duniya ke kiransa har gobe. Ya zama farfesa a Jami'ar Ibadan a 1966, ya rasu a 2023. Duk lokacin da na tuna cewa Bayarabe ne ya sa sunan Bauchi a littattafan ilimin duwatsu, sai in ji ni ma da nake koyon Hausa a kudu ban ɓata hanya ba.

Abin da na gani da idona

Gani ya kori ji. Yayana ilimin ƙasa ya karanta, kuma lokacin da yake digiri na biyu duwatsun ƙasar Bauchi ya zaɓa. Da yake ba ya jin Hausa in ban da gaisuwa, sai ya ɗauke ni a wani dogon hutu in zama tafintansa, in kuma taya shi ɗaukar kaya. Kwana goma sha biyu muka yi muna hawa muna sauka, shi da guduma da taswira, ni da buhu a kafaɗa. Kowane gutsuren dutse sai ya rubuta masa lamba, ya rubuta inda aka ɗauko shi a littafi.

Wata rana da la'asar wani dattijo da ke dawowa daga gona ya tsaya yana kallonmu. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Samari, zinariya kuke nema?"

Na ce, "A'a, Baba. Yayana ne yake so ya san shekarun dutsen nan da yadda aka yi ya samu."

Ya yi dariya ya ce, "To, in kun gano ku zo ku faɗa mini. Ni dai a nan na tarar da shi, kakana ma a nan ya tarar da shi. Wa ke biyan ku?"

Na ce, "Babu kowa, Baba. Karatu ne."

Ya jinjina kai ya ce, "Allah ya ba da sa'a. Amma aikin da babu mai biya, to a samu mai cewa sannu."

Bayan mun dawo gida ne na fahimci nauyin maganar dattijon. Duwatsun da muka sha wahalar ɗaukowa sun yi wata da watanni a ƙarƙashin gado, domin na'urar da za ta auna su ta lalace, kuɗin aika su waje kuwa ya fi ƙarfin gidanmu. Mahaifiyarmu ta sha tambayarsa da harshenmu ko dutse zai ci. Ba don ba ta son karatu ba ne, sai don tana ganin sa'o'insa sun kama aikin banki har sun fara gini. Shi kansa ya kai ga cika takardar neman aiki a wani kamfani da babu ruwansa da ilimin ƙasa.

Ana cikin haka ya je wani taron masana ya gabatar da ɗan abin da ya samu ta hanyar duba duwatsun a madubi, aka zaɓi takardarsa a matsayin wadda ta fi kyau cikin na ɗalibai. Abin da aka ba shi takardar shaida ce da ɗan kuɗin da bai ma kai na motar zuwa da dawowa ba. Amma da aka kira sunansa a gaban jama'a, sai wata malama daga wata ƙasa ta neme shi bayan an tashi, ta ce ya aiko da duwatsun za a auna masa a ɗakin gwaje-gwajensu kyauta. Takardar shaidar kuwa mahaifiyarmu ce ta sa aka yi mata gilashi ta rataye a falo. Ba ta sake zancen cin dutse ba, ko da yake har yanzu takan tambaye shi ranar da karatun zai ƙare. Yanzu yana kan digiri na uku, kuma ban ce wahala ta ƙare ba, domin har yau da koyarwa a makarantar sakandare yake riƙe kansa.

Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, lambar da aka ba dattijo lada ce ta aikin da ya riga ya gama, wadda aka ba matashi kuwa guzuri ce. Tana zuwa ne a daidai mararrabar da mutum ke shawarar ya ci gaba ko ya juya. Tana gaya wa iyayensa cewa ɗansu ba shiririta yake yi ba, tana kuma gaya wa manyan fannin cewa ga wani nan tafe, a buɗe masa ƙofa.

Me ya shafe mu?

Wani zai ce to, in matashi ya bar nazarin duwatsu ya kama aikin banki, wa ya yi asara? Amsar tana kusa da mu. A daren 21 ga Agusta, 1986, tafkin Nyos da ke arewa maso yammacin Kamaru, wanda ke cikin ramin wani tsohon dutse mai aman wuta, ya saki iskar kabon mai ɗimbin yawa. Iskar ta daɗe tana tsattsafowa daga ƙarƙashin ƙasa tana narkewa a ruwan ƙasan tafkin, kamar iskar da ke cikin kwalbar lemo kafin a buɗe. Da ta kuɓuce, da yake ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, sai ta bi kwaruruka ta rufe ƙauyuka. Mutum 1,746 suka rasu, da dabbobi kimanin 3,500, har da shanun Fulani makiyaya. Shekara biyu kafin nan, a 1984, tafkin Monoun ya yi irin haka ya kashe mutum 37. Cikin waɗanda suka taimaka aka fahimci abin da ya faru akwai George Kling, wanda a lokacin ɗalibi ne mai neman digiri na uku a Amurka. Ya riga ya ɗebi ruwan tafkunan Kamaru ya auna a 1985, saboda haka aka samu abin kwatantawa. A 2001 aka kafa bututun farko da ke fitar da iskar daga ƙasan tafkin sannu a hankali. Kuma ruwan Nyos yana gangarowa ne zuwa kogin Katsina-Ala, shi ya sa ɗaya daga cikin dalilan gina madatsar ruwa ta Kashimbila a Jihar Taraba shi ne tare ambaliya idan bakin tafkin ya ɓalle. Dutsen Kamaru ma ya yi aman wuta a 1999 da 2000, kuma a tsaunukan Biu da na Jos akwai tsofaffin duwatsu irinsa da suka daɗe da yin shiru.

Sai kuma abin da ya faru a Jihar Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Duwatsun da ake haƙowa domin zinariya suna ɗauke da dalma mai yawa, ana kuma niƙa su a cikin gari, har a tsakar gida, ƙurar na sauka inda yara ke rarrafe. A 2015 irin wannan ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Likita yana iya yi wa yaro magani, amma wanda zai ɗauki dutsen ya auna tun kafin a kai shi injin niƙa, ya ce wannan akwai guba a ciki, masanin sinadaran ƙasa ne. Rigakafi ya fi magani, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Masanin da za mu nema ranar da masifa ta auku, shi ne matashin da yau yake tunanin ko ya ajiye guduma.

Aikin kuma yana da haɗari. David Johnston yana da shekara 30, shekara biyu da gama digiri na uku, lokacin da dutsen St. Helens na Amurka ya fashe ranar 18 ga Mayu, 1980, ya rutsa da shi a wurin da yake gadi yana aika rahoto. Harry Glicken, ɗalibin da Johnston ya karɓi gadin daga hannunsa, shi ne ya yi nazari mai zurfi a kan yadda gefen dutsen ya zaftare, amma bai samu aikin dindindin da yake buri ba. Ya rasu a dutsen Unzen na Japan ranar 3 ga Yuni, 1991, yana da shekara 33, tare da Maurice da Katia Krafft, mata da miji 'yan Faransa. An sa wa cibiyar sa ido kan duwatsun yankin sunan Johnston, an kuma ƙirƙiro lamba da sunan Krafft. Duk wannan ya dace, sai dai masu sunan ba su ji ba.

Inda gizo ke saƙar

Ba zan ce wannan al'ada ba ta da aibi ba. Na farko, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Binciken zamani aikin gayya ne, akwai mai kula da na'ura, akwai ɗalibai, akwai ɗan ƙauyen da ya nuna hanya, amma suna ɗaya ake kira. Na biyu, tun da manya ne ke gabatar da mutum, wanda malaminsa sananne ne ya fi kusa da samu. Na uku, ƙidayar shekaru ba ta yi wa kowa adalci. Shekara bakwai a jami'ar da na'ura ke aiki dare da rana ba daidai take da shekara bakwai a inda ake jiran wutar lantarki da yajin aiki ba. Haka nan macen da ta haihu sau biyu a cikin waɗannan shekaru ba ta yi tsere a fili ɗaya da sauran ba. Wasu ƙungiyoyin sun fara gyara, suna ƙara wa mutum lokaci idan haihuwa ko jinya ta katse masa aiki. Amma duk wanda ya duba jerin waɗanda suka ci manyan lambobin nan zai ga jami'o'in Amurka da Turai ne suka mamaye shi, alhali duwatsun da ake nazari da yawansu a Afirka da Asiya da Kudancin Amurka suke.

Akwai kuma wanda ya zo na biyu. Wani bincike da aka buga a 2018 ya duba matasan masana a ƙasar Holan da suka nemi tallafin bincike. Aka kwatanta waɗanda suka haye da kyar da waɗanda suka faɗi da kyar, wato mutanen da kusan babu bambanci a makinsu. Cikin shekara takwas da suka biyo baya, waɗanda suka haye sun tara kuɗin bincike fiye da ninki biyu na waɗanda suka faɗi. Wani ɓangare na dalilin shi ne, da yawa cikin waɗanda suka faɗi ba su sake nema ba. Wannan ya tuna mini da abokan karatun yayana guda biyu, waɗanda shi da bakinsa yake cewa bai fi su ƙwaƙwalwa ba. Babu wanda ya kira sunansu a taro, kuma yau dukansu sun bar fannin. Ashe ƙarfin da lamba ke da shi na ɗaga mutum ɗaya, shi ne kuma ke iya kashe gwiwar mutum goma.

Shawara

Duk da haka ban ga dalilin da zai sa a daina ba, gyara ya kamata a yi. Malamanmu na jami'o'i su daure su riƙa rubuta takardar gabatar da ɗalibansu da ƙananan malamai, domin kwamiti ba ya zaɓen sunan da bai zo gabansa ba. Ƙungiyoyin masana na gida da kamfanonin da ke cin arzikin ma'adinai su ware lambobi na matasa, kuma lambar ta zo da abin da matashi ke buƙata: kuɗin zuwa daji, da damar amfani da na'ura, da kuɗin halartar taro. Masu tacewa su riƙa duba abin da mutum ya yi tare da abin da yake da shi a hannu lokacin da ya yi shi. Waɗanda ba su samu ba kuma a rubuta musu, a nuna musu inda aikinsu ya yi kyau, a ce su sake dawowa baɗi.

Mu ɗaliban harshe ma muna da namu kason. Mai haƙar zinariya a Anka ba ya karanta mujallar kimiyya ta Turanci, rediyo yake saurare. Idan matashi ya yi bincike a kan ruwan rijiya ko ƙurar ma'adinai har aka yaba masa a wani babban birni, amma mutanen da abin ya shafa ba su ji da harshensu ba, yabon bai cika ba. Mu ne za mu samo kalmomin, mu fassara, mu kai labarin gidajen rediyo da jaridu. Na ɗanɗana wuyar wannan aiki a ƙasar Bauchi, inda na yi ta laluben yadda zan faɗi da Hausa abin da yayana ya faɗa cikin kalma ɗaya.

A ƙarshe, 'yan'uwana ɗalibai, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ba sai muna da lambar zinariya a hannu za mu iya yabon gwani ba. Idan akwai wani a ajinku ko a sashen da ke maƙwabtaka da ku wanda kuka ga yana aiki tsakani da Allah, ku gaya masa tun yanzu, ku kuma faɗa a gaban waɗanda za su iya taimakonsa. Allah ya ba mu sa'ar karatu, ya kuma sa a yaba wa kowa tun yana da ƙarfin amfana da yabon.